Me ya sa buƙatun masu amfani da 7-Zip da WinRAR ke daɗewa ba a biya ba?

A watan Mayun 2023 kamfanin Microsoft ya sanar cewa Windows 11 zai fara buɗe fayilolin RAR da 7z da kansa, ba sai mutum ya girka wata manhaja ba. Kafin shekarar ta ƙare abin ya iso kwamfutocin jama'a, a 2024 kuma aka ƙara damar haɗa ƙunshin 7z da TAR, wani tsarin tattara fayiloli, daga cikin Windows ɗin. Buƙata ce da aka shafe fiye da shekara 20 ana nema, domin tun zamanin Windows XP, cikin ire-iren matsattsun fayilolin da mutane ke aika wa juna, ZIP kaɗai Windows ya sani.

Sanarwar ta bar mutane cikin ruɗani. Wanda ya yi saurin cire WinRAR ko 7-Zip daga kwamfutarsa, ranar da aka aiko masa RAR mai kalmar sirri zai tarar Windows ya ƙi buɗewa, domin sabon tsarin bai zo da wannan ba. Su ma tsofaffin manhajojin akwai abubuwan da masu amfani da su suka daɗe suna roƙo: wani an biya bayan shekaru, wani an biya rabi, wani kuma har yau shiru. Daga waje sai a ɗauka taurin kai ne ko ko-in-kula. Akwai ɗan wannan a wasu wurare. Amma mafi yawan jinkirin yana da tushe a yanayin aikin kansa: fayil ɗin da ka matse yau, wani ne zai buɗe shi, a wata kwamfutar, watakila bayan shekara goma.

## Matsewa daban, ƙunsawa daban

Ayyuka biyu ne waɗannan manhajoji ke yi a lokaci guda, shi ya sa ake haɗa su. Ƙunsawa ita ce tattara fayiloli da yawa a mayar da su fayil ɗaya, tare da sunayensu da kwanakinsu da yadda aka jera su a folda. Matsewa kuma rage girma ce ba tare da an zubar da komai ba. Manhajar tana neman abin da ya maimaitu a cikin fayil, ta rubuta shi sau ɗaya, sauran wuraren ta bar ɗan nuni da ke cewa a koma baya a kwafo. Idan aka warware, fayil ɗin yana dawowa daidai yadda yake, ko ɗigo bai ɓace ba.

Daga nan ake gane amsar ƙorafin da ya fi kowane yawa, wato "na matse bidiyo amma bai ragu ba". Hoton JPEG da waƙar MP3 da bidiyon MP4 an riga an matse su tun wurin ƙirƙira, babu sauran maimaici da za a tsinta. Haka fayilolin DOCX da XLSX na Office da APK na wayoyin Android: dukansu ZIP ne a ciki, an sauya musu suna kawai. Babu sabuntawar da za ta sa 7-Zip ta mayar da fim mai gigabait ɗaya ya koma megabait ɗari. Mai son haka aikin rage ingancin hoto yake nema, wannan kuma sana'ar wasu manhajojin ce.

Sai bambanci tsakanin tsari da manhaja. ZIP da RAR da 7z tsare-tsare ne, wato ƙa'idar yadda ake jera bayanai a cikin fayil. WinRAR da 7-Zip da PeaZip manhajoji ne masu rubutawa da karanta waɗannan tsare-tsare. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan bambancin ya rataya.

## Inda tsare-tsaren suka fito

Phil Katz, ɗan Amurka, shi ya fitar da ZIP a 1989 ta manhajarsa PKZIP, ya kuma wallafa ƙa'idar tsarin ga duk mai so. Wannan sakin ne ya sa ZIP ya shiga ko'ina. RAR ya fito a 1993 daga hannun Eugene Roshal, ɗan Rasha, WinRAR ta biyo baya a 1995, kuma wani kamfani da ke Jamus ne ke sayar da ita. An saki lambobin warware RAR, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kowa ya ɗauka, amma da sharaɗin kada a yi amfani da su wajen sake ƙera dabarar matsewar. Saboda haka mai roƙon 7-Zip ko Windows su riƙa haɗa RAR yana roƙon abin da lasisi ya hana; buɗewa kawai za su iya. Ita kuwa 7-Zip, Igor Pavlov, shi ma ɗan Rasha, ya fara ta a 1999, kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, kuma har yau kusan duk shawarar abin da zai shiga cikinta a hannunsa take.

Yadda ake ciyar da kowacce yana shafar yadda take amsa buƙata. WinRAR ta kuɗi ce, da gwajin kwana 40 wanda ba ya rufe manhajar bayan ya ƙare, sai dai tunatarwa. Kamfanoni da ma'aikatu su ke biyan lasisi, don haka akwai dalilin kasuwa na sauraron mai saye. 7-Zip ba ta da mai saye. Mai roƙo ba shi da abin matsa lamba sai hujja.

## Buƙatar da ta tsaya a kwamfutarka, da wadda ke bin fayil

Za a iya raba roƙe-roƙen gida biyu. Na farko su ne waɗanda suka shafi fuskar manhaja: launin duhu mai sauƙi ga ido da dare, sababbin gumaka, fitowa a jerin zaɓin da ke buɗuwa idan an danna dama a Windows 11. Irin waɗannan ko an yi ko ba a yi ba, wanda ka aika wa fayil ba ruwansa. WinRAR ta shiga sabon jerin danna-dama a siga ta 6.10 a farkon 2022, ta kawo launin duhu a siga ta 7.10 a 2025. 7-Zip ba ta yi gaggawa ba. Da yake lambobinta a buɗe suke, wasu suka ɗauka suka gina NanaZip a kanta don ta dace da Windows 11. A nan ƙorafin masu amfani yana da ƙarfi, domin babu haɗarin da za a fake da shi. Abin da za a iya cewa kawai shi ne lokacin mutum ɗaya ba ya isa komai.

Gida na biyu shi ne mai wuya: buƙatar da ke sauya abin da ake rubutawa a cikin fayil ɗin. Misali mafi kusa shi ne Zstandard, dabarar matsewa da Yann Collet ya ƙirƙira, Facebook ya saki a 2016. Tana da saurin warwarewa ƙwarai, shi ya sa masu manyan na'urori suka rungume ta. An daɗe ana roƙon 7-Zip ta karɓe ta. Da abin ya ƙi zuwa, aka samu wani reshe mai suna 7-Zip ZS da ya saka ta. Sakamakon shi ne za a iya aiko maka fayil mai ƙarewa da .7z, ka ɗauko 7-Zip ta asali, ta ce ba ta san dabarar da aka matse shi da ita ba. A 2024 Pavlov ya ƙara damar warware fayilolin Zstandard, amma bai ƙara damar haɗa su ba. Masu roƙo suna ganin rabin biya ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, karantawa ba ta cutar da kowa, rubutawa ce ke sakin fayilolin da tsofaffin kwafi ba za su iya buɗewa ba.

WinRAR ta taɓa biyan wannan farashin da gangan. Da ta kawo tsarin RAR5 a 2013, tsofaffin sigoginta ba sa buɗe shi, mutane suka yi ta ganin saƙon cewa fayil ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. A siga ta 7 da ta fito a 2024 an ƙara girman abin da ake kira ƙamus, wato yawan bayanan baya da manhaja ke iya tunawa tana neman maimaici, har zuwa gigabait 64. Don a ga nisan tafiyar, dabarar Deflate da ZIP ya saba da ita kilobait 32 kacal take waiwaya. Ƙamus babba yana ƙara matsewa a kan manyan fayiloli masu kama da juna, amma mai buɗewa sai ya mallaki sabuwar siga da kuma kwamfuta mai wadataccen RAM. Mai aikawa ya ci riba, mai karɓa ya biya.

ZIP ma ya sha irin wannan. Asalinsa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, ko fayiloli fiye da 65,535, sai da aka yi masa ƙarin da ake kira ZIP64. Akwai kuma matsalar da ta taɓa masu rubutu da Hausa kai tsaye. An gina ZIP a lokacin da sunayen fayiloli ke bin jadawalin haruffan tsohuwar kwamfutar IBM, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Sai a 2006 aka ƙara wa ƙa'idar alamar da ke nuna cewa an rubuta suna da UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan kowane harshe. Manhajar da ba ta kula da alamar nan ba, fayil mai suna "Ƙididdigar ɗalibai" zai fito mata da alamun tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana a madadin haruffa masu lanƙwasa. Abin da ke ciki bai taɓu ba, sunan ne ya rikice. Tsarin 7z da RAR5 ba su da wannan larura domin da Unicode, ƙa'idar haruffan kowane harshe, aka gina su.

## Idan fayil ya lalace a hanya

Cikin duk roƙon da ake yi wa 7-Zip, wannan ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya fi shafar wanda intanet ɗinsa ke yankewa ko wanda ke ajiya a tsohon filashi.

RAR yana da abin da ake kira bayanan ceto. Lokacin haɗa ƙunshi mutum zai iya cewa a ƙara, misali, kashi 3 ko 5 cikin ɗari na girman fayil ɗin. Wannan ƙarin lissafi ne da aka ciro daga ainihin bayanan, ta yadda idan wani yanki ya lalace, kuma lalacewar ba ta wuce girman ƙarin ba, WinRAR za ta iya sake gina abin da ya ɓace. Tsarin 7z ba shi da wannan. Yana iya gaya maka cewa fayil ya lalace, amma ba ya iya gyarawa.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa matsalar nauyi. Na ɗaya, 7z ya saba matse fayiloli a dunƙule, kamar dilar gwanjo da aka danne tufafi ɗari a ɗaure guda: ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma ba a zaro riga ɗaya daga tsakiya sai an kwance abin da ke gabanta, kuma ruwa in ya shiga ba riga ɗaya yake ɓatawa ba. A dunƙulallen ƙunshi, kuskure a wuri guda yana iya tafiya da duk fayilolin da ke bayansa a wannan dunƙulen. Na biyu, jerin sunayen abin da ke cikin 7z a ƙarshen fayil ake ajiye shi. Idan saukewa ta tsaya a kashi 95 cikin ɗari, abin da ya rage a baya shi ne taswirar gaba ɗaya, sai manhaja ta ce ba ta ma gane fayil ɗin ba. ZIP shi ma yana ajiye jerinsa a ƙarshe, amma kowane fayil a ciki yana da ɗan kansa kuma an matse shi shi kaɗai, don haka sau da yawa ana iya tsamo waɗanda suka iso lafiya.

Masu neman a ƙara bayanan ceto suna cewa ajiya ce babban aikin ƙunshi, kuma ajiyar da ƙwayar kuskure ɗaya ke rusawa ba ajiya ba ce. Masu ganin ba dole ba ne suna da hujjoji uku. Akwai tsari mai zaman kansa da ake kira PAR2 wanda ke yin wannan aikin ga kowane irin fayil, ba sai an taɓa 7z ba. Bayanan ceto da ke zaune cikin fayil ɗaya da abin da suke karewa ba sa amfani idan filashin ya mutu ko an sace kwamfutar. Kwafi na biyu a wani wuri ne magani. Sannan duk sauyi a tsarin 7z sai ya bi ta kan dukan manhajojin da ke karanta shi. Hujjojin suna da nauyi, sai dai suna ɗauka cewa mai amfani ya san PAR2 kuma yana da wurin ajiye kwafi biyu. Ga mai shagon buga takardu da ke da faifan ajiya guda ɗaya, akwatin da zai danna a cikin manhajar da ya saba da ita ya fi masa amfani a kan shawara mai kyau da ba zai bi ba. A wannan fannin RAR yana gaba, kuma yana daga cikin dalilan da har yau wasu ke biyan kuɗin WinRAR.

## Kalmar sirri

Kulle ZIP iri biyu ne. Tsohon, wanda ake kira ZipCrypto, tun 1994 masana biyu, Eli Biham da Paul Kocher, suka nuna yadda ake karya shi idan an san ɗan yanki na abin da ke ciki. Sabon yana amfani da wata dabarar kulle mai suna AES, wadda 7z da RAR5 ma suke amfani da ita da mabuɗi mai tsawon bit 256. Duk da haka idan ka ce wa 7-Zip ta haɗa ZIP da kalmar sirri, tsohon take fara miƙo maka sai ka sauya da hannunka. An sha neman a juya wannan. Abin da ya riƙe shi shi ne an daɗe Windows yana buɗe ZIP mai tsohon kulle amma ba ya buɗe mai AES. Zaɓin da ya fi tsaro shi ne wanda mai karɓa zai kira ka ya ce ya ƙi buɗuwa.

Akwai kuma abin da ba kowa ya lura da shi ba: a ZIP, ko an sa kalmar sirri, sunayen fayilolin a bayyane suke. 7z da RAR suna da akwatin ɓoye sunaye, amma sai an danna shi.

## Tambarin intanet da batun sabuntawa

Idan ka sauke fayil daga intanet, Windows yana maƙala masa wani ɓoyayyen tambari da ke nuna daga waje ya zo. Da wannan tambarin ne Word ke buɗe takarda a yanayin kariya, da shi ne kuma Windows ke gargaɗi kafin a kunna baƙuwar manhaja. A 2022 Microsoft ya fara toshe ƙananan umarnin da ake sakawa cikin takardun Office idan suna ɗauke da tambarin. Masu kutse suka koma tura takardunsu cikin ƙunshi, domin idan manhajar warwarewa ba ta miƙa tambarin ga fayilolin da ta fitar ba, sun fito kamar 'yan gida.

Masana tsaro sun daɗe suna neman 7-Zip ta riƙa miƙa tambarin. Pavlov ya nuna damuwa cewa rubuta ƙarin bayani ga kowane fayil yana da nauyi, musamman a ƙunshi mai dubban fayiloli. A siga ta 22.00, a watan Yunin 2022, ya ƙara damar, amma a kashe take sai mutum ya shiga saituna ya kunna, ko ga dukan fayiloli ko ga na Office kaɗai. Daga baya aka gano cewa idan an saka ƙunshi cikin wani ƙunshin tambarin yana faɗuwa. Kamfanin tsaro na Trend Micro ya ba da rahoton cewa an yi amfani da wannan kafar wajen kai wa hukumomi a Yukiren hari a 2024, aka toshe ta a siga ta 24.09 a ƙarshen Nuwamban shekarar. Abin lura, roƙon da ke zuwa daga wani ɓangaren kishiyar wannan ne. Tambarin yana iya ɗauke da adireshin inda aka sauko fayil, wasu kuma ba sa son wannan ya bi fayil ɗin zuwa hannun wani. WinRAR 7.10 ta amsa musu da zaɓin barin alamar "daga intanet" kawai a cire adireshin. Masu binciken kutse kuma suka rasa wata sheda da suke bi. Buƙata biyu, kowacce da gaskiyarta, ba a iya cika su duka.

Toshe kafa ba ya amfani sai gyaran ya isa kwamfuta, kuma nan ne babban giɓin yake: WinRAR da 7-Zip ba sa sabunta kansu. A 2023 kamfanin Group-IB ya gano wata kafa a WinRAR inda mutum zai danna abin da yake gani kamar hoto ko PDF a cikin ZIP, sai wata ɓoyayyiyar manhaja ta tashi. An yi amfani da ita a kan masu hada-hadar kuɗi ta intanet tun watan Afrilu, aka gyara a siga ta 6.23 a watan Agusta. A watan Oktoba masu binciken Google suka ce ƙungiyoyin kutse masu alaƙa da gwamnatoci suna ci gaba da amfani da ita, saboda ɗimbin mutane ba su sabunta ba. A Yulin 2025 kamfanin ESET ya gano wata kafar, aka toshe a siga ta 7.13, labarin kuma bai sauya ba.

Masu neman sabuntawa ta kai tsaye suna nuna waɗannan misalan, kuma da wuya a musa musu. Masu ɗari-ɗari suna cewa manhajar da ke iya sauko da sabon abu ta girka da kanta ta zama ƙofa: duk wanda ya ƙwace rumbun da ake rabawa daga shi ya shiga miliyoyin kwamfutoci a dare ɗaya. Ma'aikatu da yawa kuma sun fi son su gwada siga kafin su raba wa ma'aikata. Idan an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: mai amfani ma yana da nasa kason, tunda sabuntawar ba ta wuce 'yan megabait ba. Amma tsakanin girkawa da kai da yin shiru akwai hanya ta uku, wato manhaja ta sanar cewa sigar da ke hannunka tana da kafar da aka sani. Rashin ko da wannan shi ne wurin da uzurin masu manhajojin ya fi rauni.

## Kowane ƙari ƙofa ce

Roƙon "ku sa ta buɗe kowane irin fayil" yana da daɗin ji. Abin da ya faru a 2019 ya nuna kuɗinsa. Masu bincike na Check Point sun gano kafa a ɓangaren WinRAR da ke buɗe wani tsohon tsari mai suna ACE, kafar da ta kai kusan shekara 19 a wurin. Ɓangaren ba WinRAR ta rubuta shi ba, kuma ba ta da lambobinsa balle ta gyara. Sai ta cire ACE gaba ɗaya a siga ta 5.70. Kusan babu mai amfani da ACE a lokacin, amma kowa yana ɗauke da haɗarinsa, domin ana iya sauya wa fayil ɗin suna ya koma .rar, manhajar ta gane shi ta buɗe.

Matsin lamba kan a yi sauri ma an taɓa mayar da shi makami. XZ Utils ƙaramar manhajar matsewa ce da kusan kowace na'ura mai aiki da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, ke ɗauke da ita, tana amfani da dabarar LZMA da ta samo asali daga 7-Zip. Lasse Collin, ɗan Finland, shi ke kula da ita a lokacinsa na hutu. A 2022 wasu suka yi ta aiko masa saƙonnin cewa gyare-gyare sun tsaya, ya kamata ya miƙa aikin ga mai lokaci. Wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya riga ya fara taimakawa, ya samu amana har ya zama mai fitar da sigogi. A sigogi na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar shiga na'urori daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'urarsa ta gwaji ya ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya fallasa abin ranar 29 ga Maris, 2024, kafin sigar ta kai ga yawancin na'urori. Masu bincike da dama suna ganin masu ƙorafin nan na 2022 wani ɓangare ne na shirin. Wannan bai mayar da duk mai roƙo abin zargi ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa masu kula da irin waɗannan manhajoji ba sa karɓar gudummawar lambobi daga baƙo cikin gaggawa, ko da gudummawar tana biyan buƙatar da kowa ke so.

## Abin da wannan ke nufi ga mai amfani

Sauyin Windows 11 ya wadatar ga wanda aikinsa buɗe abin da aka aiko masa ne kawai, kuma yana da fa'idar da ba a cika faɗa ba: ɓangaren da ke buɗe fayilolin, wanda aka gina a kan wani buɗaɗɗen aiki mai suna libarchive, yana samun gyara tare da sabuntawar Windows. Amma bai shafi Windows 10 ba, wanda Microsoft ya daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu-biyu da ke cika kasuwanninmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka masu su za su ci gaba da dogaro da WinRAR ko 7-Zip, sau da yawa kwafin da mai gyara ya girka daga filashinsa ranar da aka sayi na'urar. Duba lambar siga a sashen bayanin manhajar ba ya cin minti ɗaya. WinRAR da ke ƙasa da 7.13 ko 7-Zip da ke ƙasa da 24.09 tana ɗauke da kafar da aka riga aka yi amfani da ita a kan mutane, kuma daga shafin masu ita ya kamata a sauko sabuwa.

Wajen aikawa, tambayar farko ita ce da me mai karɓa zai buɗe. Idan ba a sani ba, ZIP ne ke buɗuwa a waya da kwamfuta ba tare da an girka komai ba, ko da ya fi girma kaɗan. Idan takardun sirri ne, 7z da aka ɓoye sunayensa ya fi, a aika kalmar sirrin ta wata hanyar daban. Idan fayil babba ne kuma layin intanet ba shi da tabbas, manhajojin biyu suna iya yanka ƙunshi gunduwa-gunduwa, ta yadda in guda ya lalace shi kaɗai za a sake saukewa, ba a ƙona data a kan gaba ɗayan ba. Yankan yana kuma warware matsalar filashi mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Irin wannan filashin ba ya riƙe tambarin intanet, saboda haka fayil ɗin da ya ratsa ta cikinsa zai iso ba tare da gargaɗin Windows ba, ko daga ina ya fito.

Ga mai son shigar da buƙata kuma, tarihin nan ya nuna waɗanda suka fi samun shiga: wadda ba ta sauya tsarin fayil ba, wadda za a iya kashewa ko kunnawa, da wadda aka zo da ita da misalin fayil da matakan da mai gyara zai bi ya ga matsalar da idonsa. Rahoton cewa suna mai ɗ ko ƙ yana rikicewa a siga kaza, haɗe da ƙaramin ZIP da ke nuna hakan, yana cikin wannan rukunin.